Charlotte Brontë, marubuciyar da ƙawancen makaranta ya raka har kabari

Duk wanda ya taɓa leƙa adabin Ingilishi ya ci karo da sunan Charlotte Brontë, marubuciyar littafin Jane Eyre, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama har da Faransanci, aka kuma mayar da shi fim ba sau ɗaya ba. Ta rasu tun 1855 tana da shekara 38. Akasarin abin da duniya ta sani game da zaman gidansu, da damuwarta, da aurenta, ya fito ne daga hannun mata biyu da ta haɗu da su a wata ƙaramar makarantar kwana tana ƴar shekara 14, wato Ellen Nussey da Mary Taylor. Ɗaya ta zauna a garinsu har ta tsufa, ɗayar kuma ta tafi neman na kanta can wani ƙarshen duniya. Wata 18 kacal Charlotte ta yi a aji ɗaya da su, amma zumuncin ya kai shekara 24.

Gidan limami a bakin maƙabarta

An haifi Charlotte ranar 21 ga Afrilu 1816 a ƙauyen Thornton da ke yankin Yorkshire, arewacin Ingila. Mahaifinta Patrick Brontë ɗan talakawan manoma ne daga Ayilan, wanda karatu ya kai shi jami'ar Cambridge har ya zama limamin coci. Ita ce ta uku cikin ƴaƴa shida: Maria, Elizabeth, Charlotte, sai Branwell wanda shi kaɗai ne namiji, sannan Emily da auta Anne.

A 1820 iyalin suka koma Haworth, wani garin masaƙa da ke kan tudu, inda gidan limami ke fuskantar maƙabarta. Shekara ɗaya da komawarsu mahaifiyar ta rasu, Charlotte na da shekara biyar. Yayar marigayiyar, Elizabeth Branwell, ta baro garinsu da ke can kudancin ƙasar ta zo riƙon marayun, kuma a gidan ta ƙare rayuwarta.

Haworth ba gari ne da ake tsufa a cikinsa ba. Wani binciken lafiya da hukuma ta sa aka yi a 1850 ya gano cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na yaran garin na mutuwa kafin su cika shekara shida. Ga shi kuma gidan da suke ciki na coci ne. Ranar da mahaifin ya faɗi, ranar za su rasa muhalli da abin sakawa a baki. Ƴar limami marar dukiya a wancan zamani hanya biyu gare ta: ko ta samu miji, ko ta zama malama. Shi ya sa Patrick ya matsa wa kansa a kan karatun ƴaƴansa mata.

Makarantar da ta cinye yayyenta

A 1824 ya kai manyan ƴan matan huɗu wata makarantar kwana ta ƴaƴan limamai marasa ƙarfi a Cowan Bridge, inda ake biyan fam 14 a shekara. Arha ce ta ja shi, ba ta kuwa yi ado ba. Abincin ba ya isa, sau da yawa ƙonanne ne ko gurɓatacce. Ɗakunan kwana sanyi ƙalau. Ranar Lahadi a ƙafa yaran ke zuwa coci mai nisa cikin hunturu, su wuni a can da jiƙaƙƙun takalma.

Farkon 1825 zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa ya ɓarke a makarantar. Maria da Elizabeth kuwa tarin fuka ne ya kama su. Aka mayar da su gida, Maria ta rasu a watan Mayu tana da shekara 11, Elizabeth ta bi ta a watan Yuni tana da 10. Mahaifin ya kwaso Charlotte da Emily. Yarinya mai shekara tara ta wayi gari ita ce babba a gidan.

Shekaru biyar da rabi da suka biyo baya a gida yaran huɗu suka yi su, innarsu na koya wa matan ɗinki, mahaifin na ba su darasi da jaridu, tsohuwar mai aikinsu Tabitha na ba su labaran gari a madafa. Ba sa cuɗanya da yaran unguwa. A 1826 mahaifin ya sayo wa Branwell akwatin sojojin katako na wasa. Kowane yaro ya zaɓi nasa, ya raɗa masa suna, daga nan suka shiga ƙirƙirar ƙasashe da sarakuna da yaƙe-yaƙe, suna rubuta labaran cikin ƴan littattafan da ba su kai tafin hannu ba.

Baƙuwar da ta iso cikin keken doki

Wata rashin lafiya mai tsanani da ta kwantar da Patrick a 1830 ta sake tuna masa cewa ƴaƴansa ba su da madafa. A Janairun 1831 aka tura Charlotte makarantar Roe Head, kimanin kilomita 30 daga gida. Margaret Wooler da ƴan uwanta mata ke tafiyar da ita, ɗalibai ba su wuce goma ba, ana cin abinci a ƙoshi, ana zama kamar gida ɗaya.

Mary Taylor na kallo ta taga lokacin da baƙuwar ta sauko daga keken doki mai rumfa. Daga baya ta ba da labarin cewa abin da ta gani wata ƴar ƙanƙanuwar yarinya ce cikin tufafin da aka daina yayinsu, tana rawar sanyi, kamar wata tsohuwa. Idanunta ba sa gani daga nesa, sai ta kai littafi daf da hancinta kafin ta karanta, abin da ya sa ajin dariya. Harshenta irin na mutanen Ayilan ne. Da aka gwada ta, ba ta san nahawu ba, ilimin taswirar duniya ma kaɗan ta sani. Amma ta haddace waƙoƙin da sauran ke fama da su, ta san mawallafansu, ta san siyasar ƙasa kamar babban mutum.

Ellen Nussey ta iso bayan ƴan kwanaki. Ranar zuwanta sauran ɗalibai na wasa a waje, aka shigar da ita aji ta jira, sai ta hangi wata yarinya a rakuɓe jikin taga tana kuka. Da ta tambaye ta, Charlotte ta gaya mata kewar gida ke damunta. Ellen ta lallashe ta da cewa ita ma sabuwa ce, ba da jimawa ba za ta buƙaci mai lallashinta. A nan ƙawancensu ya fara.

Na Mary kuwa da faɗar gaskiya mai ɗaci ya fara. Ta dubi Charlotte ta gaya mata cewa mummuna ce. Shekaru bayan haka Mary ta nemi gafara, Charlotte ta nuna mata cewa maganar ta amfane ta. Sai dai tabon bai taɓa gogewa ba, domin har ta mutu tana ɗaukar kanta marar kyau, kuma da gangan ta sa jarumar Jane Eyre ta zama ƙaramar mace marar kyan fuska.

Charlotte ba ta wasan ƙwallo, don ba ta ganin ƙwallon. Idan an fita shan iska takan tsaya ƙarƙashin itace da littafi. Dare ne lokacinta. Da an kashe fitila sai ɗalibai su matso ta ba su tatsuniyoyin ban tsoro. Wani dare ta ba da labarin mai tafiya cikin barci a kan katanga mai tsawo, har wata ɗaliba da ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba ta kama makyarkyata, dole aka kira malama. A ɗakin kwanan ne kuma take yi wa ƙawayenta zancen yayyenta biyu da suka rasu. Ta taɓa gaya wa Mary cewa ta yi mafarkin sun dawo, amma sun canza, sun zama ƴan gayu masu kushe ɗakin da suka tarar da ita.

Cikin ƴan watanni ta haura daga ƙasan aji zuwa samansa, ta karɓi lambar yabo ta azurfa. Ita da Mary da Ellen suka zama na gaba-gaba. Ita kuma Malama Wooler, idan ta fita yawo da ɗalibanta, takan nuna musu wuraren da masaƙan yankin suka yi bore a 1812 suna farfasa injunan da suka raba su da aikinsu. Charlotte ta adana waɗannan labarai, daga baya ta gina littafinta Shirley a kansu.

Gidaje uku, tarbiyya uku

Gidajen Ellen da Mary na kusa da makarantar, don haka a can Charlotte ta fara ganin yadda wasu ke zama. Ellen ita ce auta cikin ƴaƴa 12, mahaifinta ɗan kasuwar yadi ya riga ya rasu, gidansu a Birstall na masu natsuwa ne da riƙon addini. Ita kanta mai haƙuri ce, mai sauraro, ba mai zurfin karatu ba. A gidan su Mary da ke Gomersal kuwa musu ake yi a kan teburin cin abinci. Mahaifinta Joshua Taylor ya karye a kasuwanci, ya sha alwashin biyan bashinsa har ƙwandala ta ƙarshe, kuma shi da ƴaƴansa masu adawa ne da sarauta da cocin gwamnati. Charlotte ƴar limami ce mai ra'ayin riƙau, don haka kullum ita kaɗai ce a ɓangarenta. Duk da haka tana son gidan, musamman saboda Martha, ƙanwar Mary mai surutu da ban dariya.

Charlotte ta gama makaranta a tsakiyar 1832 ta koma gida koyar da ƙannenta. Ita da Ellen suka yi alkawarin rubuta wa juna wasiƙa a kai a kai. A 1833 Ellen ta kai ziyararta ta farko Haworth, kuma daga bayaninta ne aka san kamannin gidan. Babu labule a tagogi saboda mahaifin na tsoron gobara. Innarsu na yawo cikin gida da takalman katako don gudun sanyin daɓen dutse. Ƙarfe tara na dare mahaifin zai kulle ƙofa, ya tsaya a kan matakala ya wana agogo, ya haye sama. Da rana kuma ƴan matan su ɗauki baƙuwarsu su hau tuddan bayan gari. Har Emily, wadda ba ta sakin jiki da kowa, ta karɓi Ellen.

Neman abin kai

A 1835 Charlotte ta koma Roe Head a matsayin malama. An tafi da Emily a matsayin ɗaliba, amma kewar gida ta kusa kwantar da ita, bayan wata uku aka musanya ta da Anne. Charlotte ta yi kusan shekara uku tana aikin da ba ta so, albashin na ƙarewa a tufafinta da na ƙanwarta. Baƙin ciki ya taso mata, har ta shiga shakkar ko tana cikin waɗanda za su tsira a lahira. Ellen ce take zayyana wa wannan a wasiƙu. Ta aika wa babban mawaƙin fadar Ingila, Robert Southey, waƙoƙinta, ya ba ta amsa a 1837 cewa rubutu ba sana'ar mace ba ce.

A 1839 wata dama ta zo. Yayan Ellen, Henry, wanda shi ma limami ne, ya aiko da wasiƙar neman aurenta. Da ta amsa, da ta huta da aikatau, kuma da Ellen za ta iya zama tare da su. Charlotte ta gaya wa ƙawarta cewa wannan ya ja hankalinta ƙwarai, amma ba ta son mutumin, don haka ta ƙi. Ƙawancen bai girgiza ba. A wannan shekarar ma tare suka je bakin teku, karo na farko da Charlotte ta gan shi, ta tsaya tana hawaye ta kasa magana. Sau biyu kuma ta yi aikin renon ƴaƴan masu kuɗi da koyar da su a gidajensu, aikin da ta tsana.

A tafi ko a zauna

Mary ce ta buɗe mata ƙofar waje. Wasiƙun da take aikowa daga Turai a 1841, tana ba da labarin manyan majami'u da zane-zane, sun tayar wa Charlotte da ƙishirwar fita. Innarsu ta ba da kuɗi, a Fabrairun 1842 Charlotte da Emily suka tafi birnin Brussels na Beljiyam don ƙwarewa a Faransanci, da niyyar su dawo su buɗe makarantarsu. Tare da Mary suka yi tafiyar. A watan Oktoba Martha ta rasu a can bayan gajeriyar rashin lafiya, aka binne ta a baƙuwar ƙasa. Makonni kaɗan bayan haka innarsu ma ta rasu a Haworth.

Charlotte ta sake komawa Brussels ita kaɗai a 1843. Kaɗaici ya dame ta, zuciyarta kuma ta karkata ga malaminta Constantin Heger, mai mata da ƴaƴa. Mary ta matsa mata ta bar wurin, ta dawo gida a Janairun 1844. Makarantar da suka yi mafarki ba ta samu ko ɗaliba ɗaya ba.

Ita Mary ta riga ta yanke shawara. A ganinta Ingila ba ta bar wa mace mai ilimi wata hanyar cin halalinta ba sai koyarwa da ɗinki, ita kuwa ba ta son ko ɗaya. A haɗuwarsu ta ƙarshe, farkon 1845, ta roƙi Charlotte kada ta binne kanta a Haworth, ta tambaye ta me take ganin za ta zama nan da shekara biyar. Fuskar Charlotte ta canza, ta yi ta kai da kawo a ɗaki, sannan ta ce zama za ta yi. Mahaifinta na makancewa da yanar ido, ƙanenta Branwell kuma ya fara nutsewa cikin giya da ƙwaya. A watan Maris Mary ta shiga jirgin ruwa zuwa Niyu Ziland. Ba su sake ganin juna ba.

A birnin Wellington ta sauka wurin ƙanenta. Wasiƙa kan yi watanni a teku kafin ta isa, amsarta ma haka. Da Charlotte ta ji ƙawarta na cikin matsi, ta aika mata fam 10 daga ɗan abin da take da shi, Mary ta sayi saniya da kuɗin. Daga baya ita da wata ƴar uwarta suka buɗe kantin yadi da tufafi.

Sirrin da aka ɓoye wa ta kusa

A 1846 ƴan uwan uku suka buga littafin waƙoƙi da sunayen aro masu kama da na maza: Currer, Ellis da Acton Bell. Kwafi biyu kacal aka saya. A wannan shekarar Charlotte ta raka mahaifinta Manchester aka yi masa aikin ido, kuma tana jinyarsa ta fara rubuta Jane Eyre. Littafin ya fito a Oktoban 1847, ya karaɗe ƙasar nan take. Makarantar marayun da ke cikinsa Cowan Bridge ce aka canza wa suna, yarinyar kirkin da ta mutu a can kuma yayarta Maria ce.

Ƴan uwan sun yi wa juna alkawarin rufe asirin, Emily ce ta fi tsananta wa a kai. Saboda haka Charlotte ta zauna a gidan su Ellen tana gyara shafukan da maɗaba'a ta aiko ba tare da ta ce uffan ba, kuma da jita-jita ta yi yawa ta rubuto mata tana musantawa da kakkausar murya. Mary da ke bayan teku kuwa an aika mata kwafi. Ellen ta gane, ta yi shiru, ta jira.

Watanni takwas, gawa uku

Branwell ya rasu a Satumban 1848. Emily ta bi shi ranar 19 ga Disamba. Bayan nan ne Charlotte ta miƙa wa Ellen littattafan ta gaya mata gaskiya. Kafin a share makoki tarin fuka ya bayyana a jikin Anne, wadda ta roƙi a kai ta bakin teku a Scarborough. Ellen ce ta bar gidansu ta raka su. Tana ɗakin lokacin da Anne ta cika ranar 28 ga Mayu 1849, kuma tare da Charlotte suka binne ta a can don a sauƙaƙa wa tsohon wata jana'izar. Cikin ƴaƴa shida saura ɗaya.

Charlotte ta koma gida ta ƙarasa Shirley, inda ta zana iyalin Taylor da wani suna, har da mutuwar Martha a baƙuwar ƙasa. Mary ta karanta, ta rubuto tana zarginta da tsoro, don a ganinta littafin bai fito fili ya ce kowace mace na da haƙƙin yin sana'a ba. Littafi na uku, Villette, wanda ya ɗauko zamanta na Brussels, ya fito a 1853.

Aure ya shiga tsakani

A Disamban 1852 na'ibin mahaifinta, Arthur Bell Nicholls, ya nemi aurenta. Tsohon ya fusata, yana ganin talakan na'ibi bai kai ba. Ita ma da farko ta ƙi, amma sannu a hankali ta sauko. Ellen, wadda ta ɗauka tare za su tsufa ba aure, ta nuna rashin jin daɗinta, har suka yi watanni ba sa rubuta wa juna. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Daga Niyu Ziland Mary ta rubuto wa Ellen wasiƙa mai zafi, tana cewa Charlotte ta gama sadaukar da kanta ga wasu, a bar ta ta zaɓi abin da zai faranta mata. Malama Wooler ta taimaka aka sasanta su.

An ɗaura auren ranar 29 ga Yuni 1854. Ellen ce babbar ƙawar amarya. Mahaifin bai je cocin ba, don haka tsohuwar malamarsu ta Roe Head ce ta tsaya a madadinsa ta miƙa amarya. Charlotte ta samu kwanciyar hankali a auren, amma bai kai shekara ba. Ta samu ciki, amai ya hana ta riƙe abinci har ta ƙare a tsaye, abin da likitocin yau da dama ke dangantawa da matsanancin laulayi. Wasiƙunta na ƙarshe da fensir ta rubuta su daga kan gado, har da na Ellen. Ta rasu ranar 31 ga Maris 1855. Mahaifinta ya rayu har 1861, bayan ya ga mutuwar ƴaƴansa shida duka.

Wasiƙun da ba a ƙona ba

Watanni kaɗan bayan bikin, Nicholls ya ga yadda matarsa ke sakin baki a wasiƙunta, ya nemi Ellen ta yi alkawarin ƙona duk wadda ta karanta. Ellen ta amsa bisa sharaɗin ba zai riƙa tace abin da Charlotte ke rubutawa ba, kuma ba ta ƙona ba. Mary kuwa, don kare sirrin ƙawarta, ta lalata nata duka ban da guda ɗaya, abin da ta yi nadamarsa daga baya.

Bayan rasuwar, da wata mujalla ta buga ƙarairayi a kan iyalin, Ellen ce ta ba da shawarar a nemi marubuciya Elizabeth Gaskell ta rubuta tarihin Charlotte. Ta ba ta aron wasiƙu sama da 300, Mary kuma ta aiko da abin da take tunawa na zamanin makaranta. Littafin ya fito a 1857, kuma har yau duk mai binciken rayuwar ƴan uwan uku daga waɗannan wasiƙu yake farawa.

Mary ta dawo Ingila bayan kimanin shekara 15 da kuɗin da ta tara da guminta, ta gina gidanta a Gomersal, ta rubuta maƙalu da littafi a kan wajibcin mace ta nemi na kanta. Ta rasu a 1893. Ellen ta rasu a 1897 tana da shekara 80. Babu wadda ta yi aure a cikinsu. Gidan limamin na Haworth ya zama gidan tarihi tun 1928, kuma wasu daga cikin wasiƙun da Ellen ta ƙi jefawa a wuta suna ajiye a cikinsa.